A Bar Musu Fatalwarsu, Mu Ɗauki Wasan

'Yan uwa malamai, ranar wata Laraba cikin watan Oktoba muna zaune a ofis lokacin tara, sai wata abokiyar aikinmu ta zaro takarda daga jaka ta ajiye a kan tebur. Daga makarantar kuɗin da ɗanta ke zuwa aka aiko ta. (Dalilin da ya sa malamar makarantar gwamnati ta kai ɗanta makarantar kuɗi magana ce ta wata rana, kuma dukanmu mun san amsarta.) Takardar ta ce ranar 31 ga wata za a yi bikin Halowin, kowane yaro ya zo da shigar ɓad-da-kama, iyaye kuma su aiko da kuɗin alawa da na ƙawata aji. Kafin a kaɗa ƙararrawa ofis ya rabu gida biyu. Wasu suka ce wannan kwaikwayon Turawa ne da bai dace da mu ba ko ta ina, wasu suka ce ai wasan yara ne, me ya yi zafi. Ni dai ban tofa ba a ranar, domin abin da ke raina ya fi ƙarfin mintuna goman da suka rage. Shi ne na kawo shi nan.

Bikin nan yana da gidansu. Yana faɗowa ne a jajibirin 1 ga Nuwamba, ranar da wasu majami'u ke tunawa da dukan tsarkaka, kuma masana tarihi da dama suna danganta wasu al'adunsa da tsohon bikin ƙarshen girbi da shigowar hunturu na mutanen Ailan da Sikotlan. Mutanen Ailan da suka yi ƙaura zuwa Amurka a ƙarni na 19, musamman bayan yunwar da ta soma a 1845 sakamakon lalacewar dankali, su ne suka tafi da shi can. A ƙasarsu wata saiwa suke rarakewa su sa fitila a ciki; da suka isa Amurka suka tarar da kabewa ta fi girma, ta fi sauƙin fafewa, sai ta zama alamar bikin. Yau da yamma ta yi yara sukan yi shigar fatalwa ko mayya ko wani gwarzon fim, su bi gida-gida ana ba su alawa. Abin da masu kwaikwayo a nan ba su cika faɗa ba shi ne, ko a Amurkan ba kowa ne ya yarda da shi ba. Akwai iyaye Kiristoci da Musulmi da wasunsu da ba sa barin 'ya'yansu su shiga, har ta kai makarantu da yawa sun sauya masa suna zuwa bikin kaka, sun cire fatalwa da ƙwarangwal, sun hana rufe fuska da makaman roba, sun bar ganyen itace da tuffa da masara.

Irin wannan bikin kakar ne na gani da idona, ko da yake ta waya. Ƙanwata tana aure a jihar Ohayo, kuma bara ta shiga cikin iyayen da suka ɗauki nauyin shirya wa ajin ɗiyarta walima. Yara ne 'yan shekara shida. Aka raba wa iyaye aiki, wannan ta kawo abin sha, waccan ta kula da teburin zane, ita kuwa aka ba ta wasan da ake kira bingo. Ta kira ni ta ce, "Yaya, kai ne malami, zo ka taya ni tunani." Ashe ni ne zan koya.

Ga yadda ta shirya. Ta zaɓi hotuna na abubuwan da yaro ke gani a lokacin kakarsu: kabewa, jan ganye, tuffa, mujiya, kurege, zangarniyar masara, mutum-mutumin gona, jemage, gizo-gizo, farin wata da sauransu. Ta buga kati ga kowane yaro, kowane kati da gida goma sha shida, huɗu a tsaye huɗu a kwance, domin malamar ajin ta ce gida ashirin da biyar ya yi wa 'yan shekara shida yawa, hankalinsu zai tashi kafin wani ya ci. Babban abin da ta kiyaye shi ne kada a sami kati biyu masu jeri iri ɗaya. Sa'an nan ta sake buga hotunan ɗai-ɗai, ta yanka, ta zuba a jaka. Abin ɗorawa a kan hoton da aka kira kuwa wata alawa ce mai siffar ƙwayar masara, mai launin rawaya da ruwan lemo da fari, wadda suke yayi a wannan lokaci. Kowane yaro aka ƙulla masa tasa a leda, aka ce ba a sha sai an gama. An gargaɗe ta kada ta kawo komai mai gyaɗa, saboda akwai yaron da jikinsa ba ya karɓarta, har takan iya kai shi asibiti. Na yi dariya a raina, ni da na riga na fara lissafin gyaɗar da zan yi amfani da ita. Kyautar wanda ya ci fensir ce ko kilina, kuma ta sayi isassu yadda kowa zai tafi da ɗaya, domin an shirya a yi ta zagayawa har kowane yaro ya ci ko da sau ɗaya ne.

Ranar bikin ta turo mini hoton bidiyo. Ga ɗan kwana-kwana, ga likita, ga zaki, ga gimbiya da rawanin kwali, suna ta tsalle kamar 'yan awaki. Aka zaunar da shida a teburinta, sauran suna wasu tebura, bayan ɗan lokaci a musanya. Tana sa hannu cikin jaka sai teburin ya yi tsit. Ta ɗaga hoto ta ce mujiya, idanu goma sha biyu suka sauka kan kati, yatsu suna bin gida-gida. Na maimaita wannan wuri ya fi sau biyar. Shekara ashirin da ɗoriya ina neman irin wannan shirun a aji, na neme shi da tsawa, na neme shi da bulala a zamanin ƙuruciyar aiki, ban taɓa samun mai kyawunsa ba. Shirun tsoro daban, shirun mai jiran jin abin da za a faɗa daban.

Da na bibiyi asalin wasan sai na ga ba shi da wata dangantaka da Halowin, haɗuwar hanya ce kawai. Tushensa wasan loto ne na Italiya tun ƙarni na 16. A ƙarni na 19 Jamusawa sun riga sun mai da shi abin koyar da yara jadawalin sau da haɗa baƙi. A 1929 wani mai sayar da kayan wasan yara daga birnin Niyok, Edwin Lowe, ya ga ana buga irinsa a wani dandalin wasanni a jihar Jojiya, ana ɗora ƙwayar wake a kan lambobi, ya ɗauke shi ya yaɗa da sunan bingo. Katin Amurka yana da gida ashirin da biyar, lambobi daga 1 zuwa 75, na tsakiya kyauta ne, kuma hanyoyin ci goma sha biyu ne: layi biyar a tsaye, biyar a kwance, biyu a karkace. Na Ingila lambobinsa 90 ne, kati mai layi uku da lambobi goma sha biyar. Wanda ya fi burge ni shi ne na ƙasar Meziko, inda hotuna 54 suka maye gurbin lambobi, ake ɗora wake, mai kira kuma sau da yawa ba ya faɗin sunan hoton kai tsaye, sai ya zagaya da zaurance ko ɗan kacici-kacici, mai wasa ya gano da kansa. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Ra'ayina ke nan: takardar da aka aiko wa abokiyar aikinmu ta ɗauko ɓawo ta bar ƙwaya. Abin da ke da tsada, wato tufafin da za a sa sau ɗaya a jefar, da alawa, da kabewar roba, shi aka kwaso. Abin da ke da amfani kuma ba ya cin ko kwabo, wato iyaye su zauna da malama su tsara wasan da zai sa kowane yaro ya kasa kunne, shi aka bari a can. Uwar da take jiran ganin mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu tun 2024 ya bayyana sosai a takardar albashinta, a ce ta saya wa ɗanta rigar fatalwa don raya al'adar mutanen Ailan, wannan ɗora wa kai kaya ne ba gammo.

In kuwa shigar ɓad-da-kama ce ake sha'awa, wa zai koya wa Bahaushe? Wanda ya taso a garuruwanmu ya san tashe. Daga goma ga azumi yara su liƙa gemun auduga, su cusa tsummoki a ciki, su shafa gawayi ko farar ƙasa, su bi gida-gida ana ba su hatsi ko 'yan kuɗi. Macukule, Jatau Mai Magani, Samodara na 'yan mata, kowanne da shigarsa da abin da yake yi wa shaguɓe. Kamannin da ke tsakaninsa da abin da yaran Amurka ke yi a daren 31 ga Oktoba har mamaki yake ba ni, sai dai namu ya ɗara da wasan kwaikwayo da hannunka-mai-sanda. Ga shi yana ja da baya, har a wasu shekarun hukumomin tsaro a Kano sun dakatar da shi saboda ɓata-garin da ke fakewa da shi. Makarantar da ke son yara su yi shiga su yi nishaɗi, ga aiki nan yana jiran ta a cikin harabarta, da rana tsaka, ƙarƙashin idon malamai.

Na san abin da wasunku ke shirin faɗa, kuma gaskiyarku: bingo a hannun manya caca ce. A Amurka da Ingila akwai manyan zaurukan da mutane ke sayen kati da kuɗi su ci kuɗi, kuma babu malamin da ya ga yadda shagunan cacar ƙwallo suka cinye samarin unguwanninmu da zai ɗauki wannan magana da wasa. Kafin in kai wasan aji na biyu sai da na roƙi malaminmu na addini ya zo ya zauna ya kalla. Sharaɗin da muka tsaya a kai shi ne kada yaro ya zuba komai nasa, ko da ƙwayar aya ce, kuma kada a raba kuɗi. Ni na ƙara da nawa: ba na ba da kyautar abin hannu sam. Ladan wanda ya ci shi ne ya fito gaban aji ya zama mai kira a zagaye na gaba, kuma ku yarda da ni, a wajen ɗan aji uku wannan ya fi fensir daraja. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da sunan bingo ba ya sauya masa suna. A ajina ba a san shi da wannan suna ba ma.

Gwajina na farko abin kunya ne, zan kuma faɗe shi don kada wani ya maimaita. Ajina yara tamanin da huɗu ne. Na kwana biyu ina yanka kwalin taliya ina zana gidaje, da na gaji sai na tsaya a kan jeri goma, na yi ta kwafe su har suka isa kowa. Na auno wake daga gida na raba. Ban kai ga kira na bakwai ba sai yara takwas suka miƙe lokaci ɗaya, kowa na rantsuwa shi ya riga. Waken kuwa rabinsa ya shige aljihu, rabi ya zama harsashi. Hedimasta ya leƙo ta taga ya ce, "Malam, lafiya dai ko?" Na ce lafiya lau, Ranka ya daɗe, darasi ne. Bai ce komai ba, ya dai daɗe yana kallona. Uwargida ma ta tambayi wakenta.

Kuskurena shi ne na so in yi abin da ƙanwata ta yi da injin buga takarda da yara ashirin, alhali ni alli gare ni da yara tamanin. Da na gane haka sai na juya aikin ya koma hannun yaran. Na rubuta kalmomi ashirin a allo, duka na kakarmu, wadda ta zo daidai da tasu a kalanda ko da yake tamu ta rumbu ce, tasu ta zubar ganye: gero, dawa, masara, wake, gyaɗa, shinkafa, auduga, kabewa, kuɓewa, riɗi, rumbu, dami, lauje, kara, ƙaiƙayi, turmi, taɓarya, buhu, jaki, masussuka. Kowane yaro ya ja layi biyu a tsaye, biyu a kwance a littafinsa, gida tara ke nan, ya zaɓi kalmomi tara da ransa ke so ya rubuta inda ya ga dama. Masu lissafi a cikinku za su tabbatar da cewa hanyoyin zaɓen tara daga cikin ashirin sun kai 167,960, tun kafin a zo maganar wace kalma ta zauna a wane gida. Saboda haka da wuya kati biyu su zo ɗaya, sai fa in an yi satar kallo, wanda shi ma yakan ragu da zarar sun gane cewa mai kwafar na maƙwabcinsa ba zai taɓa cin wasa shi kaɗai ba. Abin ɗorawa tsakuwa tara ce, kowa ya tsinto tasa lokacin tara. Masu zama a ƙasa, waɗanda su ne mafi yawa, sun fi masu benci jin daɗin wasan, domin tsakuwarsu ba ta gangarowa. Kafin a fara kira ma an riga an ci riba, tunda kowa ya kwafi kalmomi tara da hannunsa ba tare da an ce masa aikin aji ne ba.

Wajen kira na ari dabarar mutanen Meziko. Zagayen farko nakan faɗi kalmar yadda take. A na biyu sai in zagaya: "Abin da ake matse mai daga jikinsa, a yi ƙuliƙuli da abin da ya rage." Ko kuma: "Ɗakin da mutum ba ya kwana a ciki, sai hatsi." Yaro ya ji, ya gano, ya nemo kalmar a rubuce, aiki uku a numfashi ɗaya. Wanda tsakuwarsa uku suka jeru sai ya ɗaga murya ya ce, "Rumbu ya cika!" Amma bai ci ba tukuna. Sai ya miƙe ya karanta kalmomin uku da bakinsa, aji ya shaida an kira su.

Da gangan na sa kabewa da kuɓewa a jeri ɗaya, kuma abin da na gani ya sa na ware zagaye guda don baƙaƙen nan masu lanƙwasa da ke ba yaranmu wahala, har da manyanmu masu rubutu a waya: baki da baƙi, kaya da ƙaya, fada da faɗa, kasa da ƙasa, kara da ƙara, gada da gaɗa. Sai in sa kalmar cikin jimla, "Ƙaya ta soke shi a gona," in ga wa zai ɗora tsakuwa a kan kaya. Mako uku ina bayanin bambancin ka da ƙa a allo ana gyaɗa mini kai. Ranar da wani yaro ya rasa ci saboda ƙugiya ɗaya, abokansa suka yi masa bayanin da ni ban iya ba.

Sai dai babban abin da wasan ya ba ni ba nishaɗin yara ba ne. Da mai kira ya zama ɗaya daga cikinsu, ni sai na sami sararin zagaya aji hannuna a baya. Cikin minti goma na ga abin da karatun amshi ya shekara yana ɓoye mini. Idan aji ya ɗauki murya gaba ɗaya yana maimaita abin da ke allo, wanda ya iya da wanda bai iya ba duk baki ɗaya suke buɗewa. A nan kuwa kowa da katinsa, ba mai ceton wani. Na ga masu ɗora tsakuwa nan take, na ga masu bin kalma da yatsa suna motsa leɓe, na kuma ga waɗanda hannunsu ke rataye a sama suna jiran su ga inda na kusa zai ajiye. Waɗannan na ƙarshe na rubuta sunayensu a bayan rajista, suka kai ashirin da uku. Wasu daga cikinsu da an tambaye ni kafin ranar da na rantse sun iya karatu. Yanzu su nake zama da su minti goma sha biyar kafin a tashi, muna komawa kan baƙi da wasali.

Akwai wata yarinya da ke zama can baya, kullum a makare take zuwa saboda tallan safe, ban taɓa jin muryarta ita kaɗai ba. Ranar nan rumbunta ya cika. Ta miƙe, ta karanta gero, ta karanta dami, ta zo kan ƙaiƙayi ta tsaya. Na ɗaga hannu kada kowa ya taya ta. Ta ɗauke ta gaɓa-gaɓa har ta kai ƙarshe. A jarrabawa ba za ta zo ta ɗaya ba bana, wataƙila har ta gama firamare. Amma a wasan da sa'a ke da rabo a ciki, ɗan gaban aji ba shi da tabbacin ci, ɗan baya kuma ba shi da tabbacin faɗuwa, muddin zai iya gane abin da ya rubuta. Masu cewa sa'a ba ta da gurbi a aji, ina ganin wannan ɗan gurbin ya halatta a bar mata.

Kada a ɗauka na samo maganin kowace cuta. Wasan yana koyar da gane kalma da kasa kunne, ba ya koyar da fahimtar labari ko tsara jimla. In aka yi shi kullum zai gundure su. Sau ɗaya a mako, ranar Alhamis a darasin ƙarshe, ya ishe ni. Yana da hayaniya, don haka a sanar da maƙwabcin aji tukuna. Akwai kuma wani abin da nake tsoro, wanda ya shafe mu a matsayin ƙungiya. Tun muna kwalejin ilimi ake karanta mana cewa malami nagari yakan ƙirƙiri kayan koyarwa daga abin da ke kewaye da shi, kuma mun ga yadda ake juya wannan magana ta zama hujjar hana mu littafi da benci. Tsakuwa tara ba ta biya bashin littafin karatu ɗaya ba. Yara tamanin da huɗu a ɗaki ɗaya ba abin alfahari ba ne don kawai malaminsu ya sami dabarar sa su yin shiru. Duk jami'in da ya karanta wannan ya ji daɗi, ya sani sunaye ashirin da uku ɗin nan da ke bayan rajistata suna cikin abin da za mu ajiye masa a tebur.

Ina roƙon shugabannin reshe su ba ni rabin sa'a a taronmu na wata mai zuwa, kafin a shiga maganar ƙarin girma da bashin hutu, mu buga wasan mu da kanmu, domin bayaninsa a takarda ya fi yin sa wuya. Malaman lissafi su zo da jadawalin sau, malaman Turanci su zo da kalmominsu ashirin, iyayen da ke karanta wannan a gida kuma ƙofa a buɗe take. Alli da allo suna wurina. Kowa dai ya zo da littafinsa da tsakuwarsa tara.